"Da Sauƙi" Gaisuwa Ce, Ba Rahoto Ba

Jama'a, duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a Nguru ko Gashuwa ya san yadda zancen yake tafiya. Ka ce yaya jiki, majiyyaci ya ce da sauƙi, ko da kuwa daren jiya bai runtsa ba. Wannan ladabi ne, ba ma son a bar shi. Amma ga mai ciwon damuwa ko taɓin hankali, wanda ba shi da rauni balle a duba, bakinsa ne kaɗai ma'auni. Idan aka koya masa cewa amsa ɗaya ce ake son ji, to an fasa ma'aunin ke nan.

Illar wannan tana da yawa. Dangi su ji "da sauƙi" sau uku, sai su yanke cewa an warke, a daina sayen magani, a daina biyan kuɗin mota zuwa Asibitin Tarayya na Nguru, balle asibitin masu taɓin hankali na Maiduguri mai nisan tafiya. Alhali likitoci sun tabbatar maganin damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin aikinsa, kuma ana ci gaba da shansa aƙalla wata 6 bayan an sami sauƙi. Wanda ya yanke shi da wuri, sau da yawa ciwon yakan dawo, sai a ce ai asiri ne.

Akwai kuma masu jiran mutum ya wayi gari garau kamar da, in ba haka ba su ce magani bai yi ba. Mutanen Bade sun fi kowa sanin kuskuren wannan tunani. Idan kogin Yobe ya yi ambaliya, kamar yadda ya yi a 2022, ba a rana ɗaya yake janyewa ba. Shaidar da ruwa ya bari a jikin katanga ake dubawa, yau ya sauka da ɗan yatsa, gobe ya tsaya cik, wani lokaci ma ya ɗan ƙaru. Haka sauƙin wannan ciwo yake. Ya yi barci har asuba. Ya nemi ruwan wanka da kansa. Ya tambayi farashin gero. Ta yi wa yaranta faɗa bayan wata biyu tana kallon bango (wannan kuwa, ko da yake yaran ba za su yarda ba, babban albishir ne).

Alamar da ta fi waɗannan duka, a ganina, ita ce ranar da majiyyaci ya iya cewa yau ba na jin daɗi, ya kuma faɗi dalili. Wanda ya kai ga haka ya fara gane kansa, ya kuma amince da na kusa da shi. Kada a rufe masa baki da cewa ya cika raki, ko imaninsa ya yi rauni. Haƙuri daban, ɓoye ciwo daban.

Marigayi Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fahimci muhimmancin dangi tun 1954, lokacin da ya fara sauke majiyyata a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, kowanne tare da ɗan'uwansa mai lura da shi dare da rana. Ba sai mun gina Aro a Gashuwa ba kafin mu yi koyi. Mutum ɗaya a gida ya ɗauki nauyin, ya sami ɗan littafi yana rubuta barci, cin abinci da fita waje kullum. Bayan 'yan dubiya sun watse ya zauna ya sake tambaya a hankali, sa'an nan ranar komawa asibiti ya tafi da littafin.