Asibiti ba da kwat ake riƙe shi ba

Wata al'ada ta kama mu wajen ɗaukar manajan asibiti, kuma tana cutar da marasa lafiya. Kwamiti zai zauna, a baje takardun mai neman aiki a kan tebur, a tambaye shi burinsa nan da shekara biyar. Wanda ya fi iya zuba Turanci shi ke tafiya da aikin. Hujjar da ake kafawa ita ce wai mai babban digiri ba zai kasa riƙe ƙaramin asibiti ba. Na ƙi wannan magana.

Na taɓa zama a irin wannan kwamiti a wani asibitin kuɗi mai gado ashirin. Wani matashi ya shigo da kwat da digiri na biyu, ya burge kowa. Sai babbar nas, wadda tun safe ba ta ce uffan ba, ta gyara zama ta ce: "Ɗana, ƙarfe biyun dare ne, an kawo mai naƙuda tana zubar da jini, mijinta ba shi da ko kuɗin kati. Mai karɓar kuɗi ya kira ka. Me za ka ce masa?" Ya yi shiru, can ya ce sai an bi tsarin biyan kuɗi. Bai san sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa ba, har da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Ko da babu dokar ma, ina tausayi?

Aikin manaja kenan a kullum. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, shi ne zai zauna da lissafin wuta da na man janareta, ya tabbatar firjin allurar rigakafi bai wuce ma'aunin sanyi 2 zuwa 8 ba. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, don haka shi zai riƙa bin kamfanonin inshora bashin da suke jinkirtawa, ga albashi na jiransa ƙarshen wata. Nas ɗin da ta ƙware tana shirin tafiya Ingila ko Saudiyya, shi zai san yadda za a cike gurbinta a jadawalin aikin dare. Wace takarda ce ke nuna mutum zai iya wannan?

Masu kare tsohon tsari suna cewa takarda ce kaɗai ma'aunin da ke toshe ƙofar alfarma. Damuwarsu gaskiya ce, don mun sha ganin an ba ɗan'uwan mai asibiti kujera. To amma ai gwajin aiki ya fi takarda wuyar maguɗi. A ba kowane mai nema littafin shigar magani da fitarsa na wata guda, wanda aka ɓoye giɓi a ciki, a ga wa zai gano. A zagaya da shi ɗakin haihuwa da ban-ɗaki, a dawo a tambaye shi abin da idonsa ya gani. A lura ko ya gaida mai shara. A sa nas da mai ba da magani cikin masu ba da maki, domin su za su zauna da shi.

A wancan zaman, wata mata ce ta biyo bayan matashin, difloma kawai gare ta da shekara tara a ɗakin kati. Babbar nas ta maimaita mata tambayar, tun kafin ta rufe baki matar ta ce: "A shigar da ita, Hajiya, a nemo jini. Maganar kuɗi sai gari ya waye." Mu biyu muka zaɓe ta, uku suka zaɓi mai kwat.