Mai Neman Tulu Ya Je Wurin Magina

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata kunya da na sha a aji biyu wadda har yau ban manta da ita ba. Muna darasin sana'o'in gargajiya, sai Malam ya nuna ni ya ce in faɗi bambancin tulu da randa. Na miƙe na ce ai duka tukwanen ruwa ne. Malam ya ce, "To, gobe ki ɗauki randa a ka ki je rijiya mu gani." Aji ya fashe da dariya. Ni ba Bahaushiya ba ce, a Ilorin aka haife ni, kuma a makaranta na koyi Hausa. Na haddace kalmomin nan biyu, amma ban taɓa ganin abubuwan da suke nufi jere da juna ba.

Daga ranar na shiga neman inda ake baje kolin kayan yumɓu. Na duba allunan sanarwa, na leƙa intanet, na tambayi abokai. Abin da na samo bai wuce manyan bukukuwa ba, irin su bikin al'adu na ƙasa da ake kira NAFEST, wanda ake yi sau ɗaya a shekara, bana a wannan jiha, baɗi a waccan. Ina ɗaliba za ta sami kuɗin mota da na masauki? Da na koma gida hutu na ba mahaifiyata labari, sai ta yi dariya ta ce abin da nake nema a nesa yana bayan gidanmu. Unguwar Dada take nufi, a yankin Okelele, inda mata suka gaji ginin tukwane iyaye da kakanni.

Abin da na gani a Dada shi ya sa na ɗauki alƙalami. A ganina, kuskure ne mu zauna muna jiran a buga mana takardar gayyata kafin mu je kallon wannan sana'a. Babban taron magina shi ne ranar gashin tukwane, sai kuma ranar kasuwa, kuma ba a sanar da su a rediyo. Na ga yadda ake jiƙa yumɓu a tattake shi da ƙafa, a kifa tsohuwar tukunya a gina gindin sabuwa a kanta, sannan a riƙa ɗora yumɓun da aka murza kamar igiya har a kai baki. Bayan sun bushe sai a jera su a fili, a lulluɓe da itace da ciyawa, a cinna wuta. Wanda duk yake son ganin wannan ya je da rani, domin damina ba ta barin tukunya ta bushe da wuri.

Sai dai Yarabanci ake yi a Dada, ni kuwa Hausa nake nema. Saboda haka na sayi 'yan ƙananan kaya na nufi unguwar Gambari, wurin wata tsohuwa Bahaushiya mai sayar da waina. Na ce, "Mama, sunayen waɗannan na zo tambaya." Ta ce, "Zauna, 'yata." A zama ɗaya na san cewa tulu shi ne mai ƙaramin baki da ake zuwa ɗibar ruwa da shi, randa kuwa babba ce, a girke take a gida ana zuba mata. Ta nuna mini tandar da take suya a ciki, ta bambanta mini kaskon wuta da kaskon turare, ta ce asusun ƙasa sai an fasa shi ake cin abin da ke ciki. Ko fasasshiyar tukunya ma da sunanta: tsingaro. Lalle gani ya kori ji.

Wanda yake ganin zuwa unguwar magina ƙasƙanci ne ga ɗan jami'a, ya juya bayan naira 20 ya dubi Ladi Kwali. Ba a ɗakin nuni aka fara sanin ta ba. A ƙauye ta koyi gini irin na matan Gwari, tana zana kunama da ƙadangare da kifi a jikin tukwanenta. Sarkin Abuja na wancan lokaci, Sulaimanu Barau, ya tara wasu daga cikinsu a fadarsa, kuma a nan Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Cardew ya kafa a garin da yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa, ta rasu a 1984. Haka kuma ƙauyen Ushafa da ke kusa da Bwari, wanda shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a 2000, magina suna nan a cikinsa. Idan baƙo zai ƙetaro teku ya je, mu me ya hana mu?

Na san wani zai ce zamani ya wuce nan, ga roba, ga tukunyar dalma, ga firji. Gaskiya ne sun fi sauƙin ɗauka, kuma ba sa fashewa da wuri. Amma a ranar da aka ɗauke wuta, randa ba ta fasa aikinta, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska ya bar na ciki da sanyi. Da wannan hikima ce wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Ban da wannan, mu ɗaliban harshe asararmu ta fi ta kowa. Ranar da tulu ya ɓace daga gidaje, kalmar za ta koma zaman ƙamus, mu riƙa haddarta muna shan kunya irin tawa.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su sa magina cikin shirin Makon Hausa. A gayyato maginiya ko da guda ɗaya ce, a ba ta kuɗin mota da yumɓu, ta yi gini a gabanmu, mu kuma mu rubuta sunan kowane abu da kowane aiki. Kafin nan, duk wanda ya je hutu ya tambayi mai sayar da tukwane a kasuwarsu inda take saro kayanta, ya bi sawu har can. In kun je ku yi gaisuwa, ku nemi izini kafin ɗaukar hoto, ku sayi ko da asusu ne, kuma kada ku tsananta ciniki. Tulun da na sayo a Dada yana nan a ɗakinmu, mai son sanin bambancinsa da randa ya zo ya ɗaga.