A Nuna Mana Kasuwa Kafin A Gina Ta

Duk wanda ya daɗe yana cin kasuwa tsakanin Garhanga da Keita da Buza da Madawa ya san yadda ake yi mana gini a ƙasar nan. Za a wayi gari a ji an samu kuɗin sabuwar kasuwa, manya su zo da jerin motoci su aza tubalin farko, makaɗa su yi kiɗa, a watse. Daga nan sai a kewaye wurin da kwano, ba mai shiga sai ma'aikata. Bayan shekara biyu ko uku a kira ƴan kasuwa a ce ga makullai. To ranar ce mai shago zai fara ganin ɗakin da zai zauna a ciki yana neman abincin iyalinsa, wataƙila har ƙarshen rayuwarsa, alhali kuwa siminti ya riga ya bushe.

Na taɓa shiga wata sabuwar kasuwa, ba sai na faɗi sunan garin ba, wadda in ka hango ta daga nesa sai ka ce a Yamai take. Amma ƙofar manyan motoci an ɗora mata baka a sama, kuma duk wanda ya san yadda ake yi wa mota lodin albasa ya san buhunan sukan zarce bodi nesa ba kusa ba. Mota ba ta shiga. Sai dai ta tsaya a bakin hanya, ƴan dako su yi ta jigila, kowane buhu da kuɗinsa. Rumfunan iyayenmu mata masu kayan miya kuwa aka kai su can ƙarshe wajen gangare, inda mai saye ba ya bi, ruwan farko na damina kuma ya mayar da wurin tafki. Matan suka kwashe kwanoninsu da faya-fayansu suka koma bakin titi inda suke tun da. In ka tambayi wasu ma'aikata sai su ce maka ai ƴan kasuwa ne ba su son ci gaba.

Ba kullum ne irin wannan kuskure ke zuwa daga mugunta ko cin kuɗi ba. Sau da yawa daga yadda ake tsara aikin ne. A babban gini, mai zanen gini yana da tasa takarda, injiniyan da ke lissafin ƙarfe da siminti yana da tasa, mai wutar lantarki da tasa, mai aikin famfo da magudanar ruwa shi ma da tasa. Kowa ya yi nasa a ofishinsa, wani a Yamai, wani ma a wata ƙasa. Takardun ba su haɗuwa sai a wurin gini, a hannun ɗan kwangila. Nan ne za a gano bututun ruwa ya faɗa tsakiyar ginshiƙi, ko kuma inda aka ce waya ta bi an riga an zuba linta. Sai a fasa abin da aka gina, a sake sayen siminti, wata biyu su tafi a banza. Kuɗin nan kuwa ba sama yake tashi ba. Yana nan yana jiran mai shago a cikin kuɗin haya, ko kuma a yanke wani abu daga aikin don a cike giɓin, kuma galibi abin da ake yankewa shi ne bayan gida da magudanar ruwa da tankin ruwan kashe gobara.

Wannan matsala ce ta sa manyan magina na duniya suka koma ga wata dabara da ake kira BIM a taƙaice. Ma'anarta a Hausance ita ce a gina ginin sau biyu, na farko a cikin kwamfuta, na biyu a ƙasa. Na cikin kwamfutar ya wuce hoton da ake liƙawa a allo a bakin aiki don burgewa. Gini ne sukutum da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, kowane bango an san kaurinsa da irin bulon da za a yi shi da shi, kowace ƙofa an san faɗinta, kowane bututu an san inda ya taso da inda ya nufa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne guda ɗaya ne tak, kuma dukkan masu aikin a kansa suke aiki ta intanet. In mai zane ya matsar da bango, mai wutar lantarki zai gani a ranar. In bututu ya yi karo da ginshiƙi, na'urar ce da kanta za ta nuna wurin da jan launi tun ba a haƙa harsashi ba. Gyaran kuskure a nan aikin sa'a guda ne, a ƙasa kuwa aikin guduma ne da miliyoyin sefa.

Ingila ta ga amfanin abin har ta mayar da shi sharaɗi: tun daga watan Afrilu na 2016, kamfanin da ke neman kwangilar ginin gwamnatin tsakiya sai ya iya aiki da wannan tsari. A 2018 kuma aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba ISO 19650 da ke bayyana yadda masu aikin za su riƙa musayar bayanai. Sai dai kada wani ya ɗauka laya ce. A Ingilar dai, sabon layin jirgin ƙasa da ya ratsa ƙarƙashin birnin Landan, wanda ake kafa misali da shi wajen amfani da BIM, an shirya buɗe shi a watan Disamba na 2018, bai buɗe ba sai a watan Mayu na 2022, kuɗinsa kuma ya tashi daga fam biliyan 14.8 zuwa kusan biliyan 19. Na'ura tana nuna inda bututu ya bugi ginshiƙi, amma ba ta tilasta wa mutum ya faɗi gaskiya a kan jinkiri.

To mene ne ruwan mai sayar da tattasai a kasuwar Garhanga da abin da ake yi a Landan? Ruwanta a nan shi ne kalmar haɗin gwiwa. Masu wannan fasaha kullum suna alfahari cewa tsarin haɗin gwiwa ne, amma in ka duba waɗanda suke nufi, injiniyoyi ne da ƴan kwangila da mai ba da kuɗi. Wadda za ta zauna a rumfar daga hantsi zuwa magariba ba ta cikin lissafi. Ni kuwa a ganina, ga irin ƙasarmu, babban amfanin wannan dabara shi ne a karon farko an samu zanen gini da wanda bai yi boko ba zai iya karantawa.

Dalilina shi ne mun riga mun gwada rabin hanyar. Shirin ProDAF da asusun FIDA ya tallafa wa, wanda aka fara a 2015 a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram, ya gina kasuwannin sari na amfanin gona a wurare irin su Karofane da Sabon Gida. Kafin a zuba siminti akan kafa zauren tattaunawa da aka raɗa wa suna Haɗin Gwiwa, inda manoma da ƴan kasuwa da dillalai da ƴan dako da direbobi da hukumomin gari ke zama su tattauna wurin da ya dace da yadda za a tafiyar da kasuwar. Wannan tunani ne mai kyau, kuma ya kamata a yaba. Amma duk irin wannan zama yana da iyaka guda: ranar da injiniya ya shimfiɗa takardar zane a kan tebur, magana ta ƙare. Layuka ne da lambobi, ana kallon ginin daga sama kamar yadda shaho ke gani. Ko mai digiri, in ba fanninsa ba ne, kai kawai zai gyaɗa. Balle tsohuwar da ta shekara talatin tana sayar da daddawa, wadda kunya ma ba za ta bar ta ta ce ba ta gane ba a gaban maza.

Yanzu a ce an kawo allo babba a farfajiyar ma'aikatar magajin gari, an kunna ginin nan na cikin kwamfuta, an shiga da jama'a ta ƙofar gabas kamar da ƙafa ake tafiya. Ga layin mahauta, ga na masu hatsi, ga inda rana za ta faɗo da ƙarfe uku a watan bazara, domin na'urar tana iya nuna inuwa a kowace sa'a ta kowane wata. Wallahi ba za a yi minti goma ba wata za ta ɗaga hannu ta ce, “Ɗana, wannan wurin da ka sa mu, ai nan ruwan dutse ke bi.” Direba zai ce a sa mota mai cikakken lodi a gwada ta a ƙofar, a ga ko za ta iya juyawa a ciki. Mahauci zai tambayi inda ruwan wanke nama zai fita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maganar ruwa kuwa mutanen Adar ba su buƙatar a koya musu. Lokacin da aka fara babban aikin Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumomin FAO da PAM, mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a gangaren tsaunuka, suka haƙa ramukan tare ruwa, don maza sun tafi ci-rani. Waɗannan mata da ɗiyansu sun san hanyar kowace ƙorama fiye da duk wani baƙon da zai zo ya auna ƙasa a watan rani ya koma. Bayan ambaliyar daminar 2024 da ta rushe dubban gidaje a faɗin Nijar, har da tsohon masallacin Damagaram, gina kasuwa ba tare da an saka gangaren ƙasa da hanyar ruwa a cikin lissafi ba ganganci ne. A Dandaji ta nan jihar Tawa, kasuwar da Mariam Issoufou Kamara ta zana, aka kammala a 2018, an gina ta ne kewaye da tsohon iccen da mutane suka saba cin kasuwar mako a gindinsa. Ta fara ne daga inda jama'a suke zaune, sannan ta jawo zane.

Sai gobara, wadda ba ɗan kasuwar da ke jin sunanta hankalinsa bai tashi ba. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai a 1987. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a 2016, ta Sakkwato da ta Katsina kuma a farkon 2021. A ginin cikin kwamfuta ana iya gwada ko motar masu kashe gobara za ta kai tsakiyar kasuwa, da yawan ƙofofin da jama'a za su fita ta ciki in abu ya faru. Bayan an gama gini kuma, in an miƙa wa hukumar kasuwa wannan bayani, duk ranar da waya ta lalace an san bangon da take ciki, ba sai an yi ta lalube ba. Amma a nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Hanyar da aka bari don motar kashe gobara, mu ne muke cika ta da tebura da rumfunan kwano, wani lokaci da sanin masu karɓar haraji. Mu ne muke jan waya daga shagon maƙwabci mu ɗora mata firji biyu. Wannan ba injiniyan da zai yi mana maganinsa.

Akwai kuma abin da nake zaton shi ne zai sa wasu su ƙi jinin wannan tsari. Tunda kowane bango an san girmansa, na'urar tana fitar da lissafin kayan aiki da kanta: tan nawa na siminti, ƙarfe nawa, kwano nawa. Tan ɗaya buhu 20 ne na kilo 50, wannan kowane mai sayar da simintin Malbaza ya sani. In takardar kwangila ta ce tan 900, ginin cikin kwamfuta ya ce 600, to sai a yi mana bayanin inda buhu 6,000 za su shiga. Ɗan kasuwar kirki da ke kai kaya wurin gini shi ma ya huta, don zai san abin da za a buƙata da watan da za a buƙace shi, ba sai an tashe shi da dare ana neman ƙarfe ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce manhajojin irin su Revit da ArchiCAD suna da tsada, ana biyan kuɗinsu da kuɗin waje. Za a ce wuta ba ta da tabbas, kuma ba mu manta da yadda muka sha duhu ba daga watan Agusta na 2023 da Najeriya ta katse mana layi har zuwa Maris na 2024. Za a ce in aka wajabta shi, ƙananan ofisoshin injiniyoyinmu za su rasa aiki, kamfanonin waje su kwashe komai. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi damuna, kuma don haka ban ce a wajabta shi a kan kowace rumfa goma da ƙaramar hukuma za ta kafa ba. Wannan kashe sauro da gatari ne. Amma aikin da ya kai ɗaruruwan miliyoyi, babbar kasuwa ko tashar mota ko asibiti, kuɗin wannan tsari ba ya kai na fasa ƙofa ɗaya a sake ta. Yara kuma muna da su. Ana yaye injiniyoyi a makarantar EMIG ta Yamai, ana yaye masu zanen gini a Lome da kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma da yawansu da kwamfuta suke zane tun suna ɗalibai. A sa a cikin kwangila cewa kamfanin da ya ci aiki sai ya yi shi tare da su.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƴan kasuwa da ƙungiyoyin mata na Keita da Buza da Madawa, duk ranar da aka zo muku da albishir ɗin sabuwar kasuwa, ku yi godiya, sannan ku roƙi abu ɗaya kafin bikin aza tubali. A kawo ginin a allo, a ranar da ba ta kasuwa ba don kowa ya samu zuwa, a yi bayani da Hausa da Buzanci, a ware wa mata nasu zaman don su sake su yi magana. Abin da aka gyara a rubuta shi, magajin gari da ɗan kwangila da sarkin kasuwa su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Kuma kada a tashi daga zaman sai an sa motar albasa mai cikakken lodi ta shiga ƙofar, ta juya, ta fita, kowa yana kallo.