An Rufe Gidajen Silima, Kallo Ya Shigo Ɗaka

A 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, kuma 'yan kasuwar Labanan ne suka mamaye harkar tun farkonta. Gobarar silimar El Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta ƙara wa malamai ƙyamar waɗannan gidaje. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sauya masu gidajen, amma fina-finan Indiya suka ci gaba da cika su. Daga baya kaset ɗin bidiyo ya kwashe 'yan kallo, dawowar Shari'a a 2000 kuma ta ƙara durƙusar da sana'ar.

Sai dai kada mu ɗauka an gama. Silima tana da ƙofa da lokacin tashi, uba yakan san ɗansa ya fita. Yau a Funtua da Malumfashi, da an sayar da masara da kaka, sai matashi ya sayi waya, a tura masa fina-finai a shagon caji, ya kwana kallo ba mai sani.

Wajibinmu iyaye mu san abin da ke cikin wayoyin 'ya'yanmu, mu cusa musu tsoron Allah a ɓoye da bayyane. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.