Kakanninmu sun kafa Zangon Kumasi da amana, sai dai sun yi sakaci da takarda

Jama'a, duk wanda ya ci waake da rana a kasuwar Kejetia, ko ya karya da koko da ƙosai a Aboabo, ya ci abincin baƙin da suka zo Kumasi fiye da shekara 100 da suka wuce. Tonawa, wato Ashanti, sun karɓi waɗannan sunaye har wasunsu ba su san daga Hausa suka fito ba. Muna ganin ya kamata 'yan'uwanmu fatake na Paga da Aflawo da Jibiya da Illela su san yadda mutanen nan suka zauna, domin akwai abin koyi a ciki, akwai kuma abin gudu.

Goro ne ya kawo mu. A da ayari kan tashi daga Kano ko Katsina da jakuna, madugu na jagoranta, ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafi da fatu, a yi watanni kafin a isa Salga ta ƙasar Gwanja. Yaƙin basasar Salga na 1892 ya watsa kasuwar, fatake suka bazu zuwa Karaci da Kintampo da Yeji. Da Turawan Ingila suka shiga Kumasi a 1896, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi a 1903, sai Zango ya cika, ko da yake tun 1817 baƙon Bature Bowdich ya tarar da Musulmi a fadar Sarki Osei Bonsu.

Yaya baƙo ya rayu a garin da bai san harshensa ba? Maigida ne jigon komai. Shi ke saukar da falke, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi da kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba shi goro bashi. In falke ya gudu da bashi, maigida ne zai biya, don haka ba ya saukar da wanda ba a san asalinsa ba. Goro kuwa ba ya jiran mai shari'a, sai an tsince shi, an yayyafa masa ruwa, an ɗaure shi a huhu da ganye, in aka yi jinkiri ya lalace. Shi ya sa magana ɗaya ta fi rantsuwa goma daraja a wancan zamani. Mata na tuya da dama fura a cikin gida, yara na talla da safe, su tafi makarantar allo. Rigima ta taso, a kai gaban Sarkin Zango da liman. A irin wannan makaranta ta fatauci Alhasan Ɗantata ya ƙware, har ya riƙa aika goro Ikko ta jirgin ruwa kafin ya zama attajirin Kano.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. Kakanninmu da yawa sun ɗauki kansu baƙi masu jiran komawa gida, alhali sun haifi 'ya'ya da jikoki a nan. Ba su damu da takardar haihuwa ko ta zama ba, boko ma suka guje shi. Da gwamnatin Busia ta fito da dokar korar baƙi a Nuwamban 1969, mako biyu kacal aka ba wanda ba shi da takarda. Mutane suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, wasu aka kai su ƙasar da ba su taɓa gani ba. Duk mutuncin maigida bai tsayar da motar kora ba. A 1983 Nijeriya ma ta yi wa 'yan Gana irin haka.

Wani zai ce ai zamani ya wuce, tunda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta buɗe hanya. Mu tuna cewa Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, a 2019 ɗin aka garƙame shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi bisa dokar 2013 da ta keɓe ƙaramin ciniki ga 'yan ƙasa, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin takaici, yau muna neman rasa duka biyun. Ana tura kuɗin buhu ɗari ta waya ga mutumin da ba wanda ya san gidansu, ba shaida, ba rasit, ba mai tsaya masa.

Kiranmu ga shugabannin kasuwa da sarakunan Zango shi ne, a farfaɗo da tsarin maigida, kowane baƙon ɗan kasuwa ya sami sanannen mai tsaya masa, a rubuta sunansa a littafin ƙungiya. Bashi kuma a rubuta shi da shaidu, kamar yadda addini ya umurta. Kowa ya yi wa 'ya'yansa takardar haihuwa, ya sabunta fasfo da katin shaida tun kafin a tambaye shi. Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.