Kafin ka zuba wa kwantenarka siminti, ka tuna filin ba naka ba ne



Duk shekara idan ruwan watan Yuni ya gama dukan Legas, sai ka ga masu shagon kwantena sun shiga neman birkila. Katakon ƙasa ya ruɓe ta bakin ƙofa, ƙafa tana nutsewa, ɓera ya samu hanya. Shawarar da aka fi ba mutum ita ce ya zuba siminti, ya ɗora tayil, ya huta gaba ɗaya. Ni dai ina ganin wannan shawara ce mai cutarwa ga mafi yawanmu da ke zaune a Kudu, kuma zan faɗi dalilina, wanda yake da ja ya kawo nasa.

Me ya sa tun farko muka sayi kwantena ba mu gina shago da bulo ba? Saboda filin da muke kai na aro ne. Ko na ƙaramar hukuma, ko na wani mai gida da ke karɓar kuɗin shekara, ko gefen titin da aka kawar da kai aka bar mu. Amfanin kwantena guda ɗaya ne ya fi na gini: ranar da aka ce tashi, kana iya kiran motar Hiab ta ɗaga maka dukiyarka ta kai wani wuri. Kuma ranar tana zuwa. A 2022 gwamnatin Legas ta ba mutanen Alaba Rago wa'adin kwana 14 su tashi. A 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, 'yan uwanmu da yawa sun kwashe sun koma Akinyele. Wanda ya ga waɗannan da idonsa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan zaman aro. To, mutumin da ya zuba siminti a cikin kwantena ya ɗauki abin da ya saya don ya iya tashi, ya mayar da shi abin da tashinsa sai da asara.

Mu yi lissafi. Kwantena mai ƙafa 20, cikinta tsawon mita 5.9 ne, faɗi mita 2.35, wato kusan murabba'in mita 14. Nauyinta babu kaya ya ɗan haura tan 2. Idan birkila ya zuba daɓe mai kaurin inci 2 kawai, ya ɗora tayil a kai, ka ƙara mata abin da ya doshi kilo 1,700, kamar ka jera buhun shinkafa mai kilo 50 guda 34 ka manne su da ƙasa har abada. Wani zai ce ai kwantena an yi ta ne don ta ɗauki tan ashirin da wani abu a cikin jirgin ruwa, wannan ɗan nauyin me zai yi mata? Gaskiya ne, ƙasan ba zai karye ba. Amma ita kwantenar da ke cikin jirgi bangonta huɗu lafiyayyu ne. Taka kuwa mai walda ya yanke gefe guda ya yi maka ƙofar shago, ya huda taga, wataƙila ma ya cire rabin bangon. Ƙarfin kwantena a jikin wannan bangon mai tudu da kwari yake. Da zarar an yanke shi, in aka ɗaga ta sai ta ɗan murɗe. Ƙarfe yana murɗewa ya dawo, katako ma haka. Siminti da tayil ba su san wannan ba, tsagewa suke yi. Ga shi kuma mai Hiab da ya ji nauyi zai ƙara kuɗi, ko ya ce ƙaramar motarsa ba za ta iya ba, a nemo babba, a ranar da kowa a layin yake neman mota.

Wannan na ranar tashi ke nan. Akwai ɓarnar da ke faruwa tun kana zaune, ita ce ma ta fi damuna. Ƙasan kwantena filawud ne mai kaurin milimita 28, an ɗaure shi a kan ƙarafan da suka gitta daga gefe zuwa gefe, tsakaninsu kamar ƙafa ɗaya ɗaya. Idan ka zuba siminti a kan katakon, ka rufe masa hanyar shan iska ta sama. Rima tana tasowa daga ƙasa, ruwan mopa da na alwala suna bi ta tsagar tayil suna sauka, su haɗu a tsakiya. Katakon ya ci gaba da ruɓewa a ɓoye, ƙarafan suna cin tsatsa, kai kuwa kana kallon tayil yana walƙiya kana cewa ka yi maganin abin. Mu da muka taso a Arewa muna raina rima saboda a gida rana da iskar hunturu suna busar da komai. Nan ba haka ba ne. Ruwan da ke sauka a Fatakwal a shekara ya ninka na Kano fiye da sau biyu, kuma ko ba a ruwa iskar kanta a jiƙe take. Wanda ya taɓa buɗe kwantena da asuba ya ga rufin yana ɗigar da zufa ya san abin da nake nufi.

A Amurka akwai masu ɗakin kwana mai taya da suke ja da mota suna yawo da shi, kuma su ma wannan muhawarar suke yi idan ƙasan ɗakin ya lalace. Abin da mafi yawansu suka tsaya a kai shi ne shimfiɗa mara nauyi, mai lanƙwasuwa, wadda ruwa ba ya ci. Tasu tana tafiya duk mako, tamu sau ɗaya a shekara biyar, amma dokar ɗaya ce.

To me za a yi? Gyaran yana farawa ne daga ƙarƙashi, kuma nan ne mutane suke ƙyashin kashe kuɗi saboda ba a gani. Ka kwashe kaya, ka ɗauki sukudireba ka bi katakon kana dannawa, musamman bakin ƙofa, kusurwoyi huɗu, da inda firji ko randa take zama. Inda ya shige cikin sauƙi, wurin ya mutu. Sannan ka kwanta da tocila ka leƙa ƙarƙashi ka duba ƙarafan. Tsatsar da ke sama sama ana kankare ta a shafa jan fenti. Wadda ta huda ƙarfe sai an yanke an yi ƙari. A cire katakon wurin kafin mai walda ya kunna wuta, kada a zo gyaran ƙasa a ƙone shago. In kwantenar a kan ƙasa take zaune kai tsaye, a ɗaga ta a kan bulo ko dutse ta kusurwoyi huɗun nan, don a nan aka tsara ta ɗauki nauyinta, iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. A duba rufi da robar ƙofa. Wanda ya sa sabon katako bai toshe yoyo ba, badi war haka zai sake kiran kafinta.

Ba dole ne a canja ƙasan duka ba. A yanke ruɓaɓɓen wurin daga tsakiyar ƙarfe zuwa tsakiyar ƙarfe, yadda bakin sabon zai samu abin hawa. Filawud ɗin da 'yan katako ke kira marin shi ya dace, ana samunsa a kasuwar Amu da ke Mushin da sauran manyan kasuwannin katako. Wanda aka fi samu mai milimita 18 ne, bai kai kaurin na asali ba, don haka sai an ɗora wani siriri a kai ya cike, in ba haka ba za ka riƙa tuntuɓe a gaɓar. A shafe bakin da aka yanka da fenti, ta nan ruwa ke shiga. Mai hali ya sa falankin loko, wanda nan ake kira iroko, gara ba ta cika damunsa ba. Abin da zan roƙi kowa ya guje masa shi ne allon nan na garin katako da ake haɗa kabad da shi. Yana da arha, yana da santsi, amma ruwa kofi ɗaya ya isa ya kumbura shi kamar burodi.

Akwai wata magana da ban cika jin ana yi ba, alhali ta shafi lafiya. Katakon kwantena ana jiƙa shi da maganin ƙwari tun daga masana'anta, saboda ƙasashe irin su Ostareliya ba sa yarda katako ya shigo musu da ƙwari. A jikin ƙofa akwai wani ɗan faranti na ƙarfe mai rubutu, a nan ake rubuta sunan maganin, sau da yawa za ka ga Basileum ko Radaleum. Ban da wannan, kwantenar ta yi shekaru tana yawo a teku, ba ka san me ya zube a cikinta ba kafin ta iso Apapa. Mu kuwa a kan wannan katakon muke jibge buhun wake da garin rogo, a kai yaran shago suke kwana, a kai ake sa goshi. Don haka ko katakonka lafiyayye ne, a rufe shi. Kada a goge shi da inji ba tare da an rufe hanci ba, kuma don Allah guntayen da aka cire kada a ba mai suya ko mai gasa masara. Na sha ganin an tara su gefe ana cewa itace ne.

Abin rufewar da na fi yarda da shi leda ce mai kauri, ba irin ta ɗakin amarya da farce ke hudawa ba. Wadda ake shimfiɗawa a asibitoci da makarantu nake nufi. Duk ta kwantenar ba ta kai nauyin buhu ɗaya ba, tana bin katako duk yadda ya lanƙwasa, ana goge ta da ruwa, kuma in ta tsufa mutum ɗaya zai ɗaye ta ya ga halin da katakon yake ciki. Wannan na ƙarshen shi ne babban abin da tayil ba zai taɓa ba ka ba. Mafi yawan ledar kasuwa faɗinta mita 2 ne, kwantena kuwa 2.35, ke nan dole a yi gaɓa. Kada ka bari gaɓar ta faɗo a tsakiyar hanya inda ake takawa. A shimfiɗa doguwar daga ƙofa zuwa ƙurya, ragowar santimita 35 ɗin a cike ta gefen da kanta ko shelf zai zauna a kai. A bakin ƙofa a danne ta da siririn ƙarfe, don nan ne take fara ɗagowa. Kuma a bar katakon ya bushe sarai kafin a shafa gam. Leda a kan jiƙaƙƙen katako ita da siminti duk ɗaya ne.

Masu POS da 'yan canji da ke son wuri ya yi kyau a idon kwastoma, akwai ledar nan mai tauri da ke zuwa falle falle, ana sarƙa ta da juna, kamanninta kamar katako. Tana da kyau, ba na musu. Sai dai a bar mata ɗan rata a jikin bango don zafi yana buɗa ta, kuma inda rana ke dukanta kai tsaye ta ƙofa takan yi doro. Irinta da aka yi da garin katako kuwa, wadda suke kama a ido, a bar wa masu gidan sama. Kafet daga bango zuwa bango ma ban ga amfaninsa a nan ba, rima yake sha ya yi wari, kuɗin cizo ya samu gida. Darduma ko tabarma da za a naɗe a shanya ta fi.

Na san masu tayil suna da hujja, kuma ba duka zan watsar ba. Mai shayi zai ce garwashi ɗaya ya faɗo ya huda leda. Haka ne. Shi ya sa wurin murhu a sa farantin ƙarfe mai zane, irin na bayan mota. Mai kaurin milimita 3, ko da duk kwantenar aka shimfiɗa wa, nauyinsa bai wuce kilo 350 da 'yan kai ba, kuma shi ya fi dacewa da masu sayar da hatsi da ke jan buhu, da masu kayan gyaran mota da baƙin mai ke zuba. Aibinsa sanyi da damina, ƙara in abu ya faɗi, da kuɗi. Mai nama da mai kifi da ke kwarara ruwa kullum, su matsalarsu ta wuce zaɓen shimfiɗa, sai an yi wa ruwan hanyar fita tukuna. Wanda kuma filin nasa ne, da takarda a hannu, ya kafa kwantena ba ya da niyyar ɗaga ta, ya sa tayil ɗinsa, amma ya cire katakon gaba ɗaya ya yi daɓe tun daga ƙasa. Ko da yake in har ya kai nan, sai in tambaye shi me ya hana shi gina shago.

Hujjar da ba na karɓa ita ce ta "kowa haka yake yi", da ta a ga Alhaji ya sa tayil. Birkilan da ya ba ka shawarar ba ya nan ranar da za a ɗaga. Shi ya karɓi kuɗin aikinsa tuni.

Ga shugabanninmu na ƙungiya kuma ina da roƙo. Leda mai kauri a bandir take zuwa, wanda ya je sayen mita shida ko bakwai shi kaɗai farashin ƙarshe ake yanka masa, wani lokaci ma a ba shi mara kyau da sunan mai kyau. In aka tattara sunayen masu bukata kafin damina, mutum uku ko huɗu suka haɗa kuɗin bandir ɗaya, a tura wanda ya san kaya ya sayo, kowa zai samu sauƙi. Haka filawud. Muna da kafintoci da masu walda a cikinmu, a ware rana ɗaya a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da katako yake a bushe, su zaga layi da tocila da sukudireba su duba wa mutane ƙarƙashin shagunansu, a ba su ɗan abin shan ruwa daga asusu.