Captagon: An Rufe Masana'anta, Masu Saye Suna Nan

A watan Afrilun 2021 jami'an kwastan na Saudiyya suka gano ƙwayar Captagon sama da miliyan 5 an cusa ta cikin 'ya'yan rumman da aka shigo da su daga Labanan ta tashar Jidda. Nan take masarautar ta hana shigo da kayan lambu da na marmari daga ƙasar, manoman da ba su ji ba ba su gani ba suka kwana a ciki. Jordan kuwa bindiga ta ɗauka: a Janairun 2022 sojojinta suka kashe masu fasa-ƙwauri 27 a kan iyakarta da Siriya. Da gwamnatin Bashar al-Assad ta faɗi a Disambar 2024, sai ga masana'antun ƙwayar a fili, abin da aka daɗe ana zargi ya tabbata.

Wannan ƙoƙari ne, ba mu raina shi ba. Amma gwamnatoci sun fi son yaƙin da ake ɗauka a hoto: buhuna a jere, jami'i a tsaye. Shi kuwa mai saye ba a ƙirga shi. Ƙwayar nan, wadda galibi haɗin amfetamin ce da kafin, tana korar barci da yunwa, shi ya sa a ƙasashen Larabawa ta samu shiga wurin direbobi da leburori, har da ɗalibai masu shirin jarrabawa. Injin buga ta ɗaki guda ya ishe shi. In an kore shi daga Siriya, muddin da mai saye, wani gari zai koma.

Kada mu ce gobarar nesa ce. A Satumbar 2021 hukumar NDLEA ta kama Captagon sama da ƙwaya dubu 450 a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Binciken ƙasa na 2018 kuma ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi.

'Yan uwa malamai, mu ne muke fara ganin yaron da idonsa ya bushe, ya rame, ya yi saurin fushi. To, ina za mu kai shi? Makarantu da yawa bulala da kora kaɗai suka sani, kora kuwa miƙa shi ce ga dillali. Ya kamata reshenmu ya sa wannan buƙata a zamansa na gaba da ma'aikatar ilimi: malamin ba da shawara mai horo a kowace sakandare, wanda ba a ɗora masa darasi talatin a mako ba, da asibitin da za a tura yaro ba tare da an tona asirin iyayensa ba.